Na Je Kaduna Ɗauko Gwaggo, Na Dawo Ni Kaɗai

Da daren wata Asabar a ƙarshen daminar da ta wuce jikan Gwaggo ya turo mini hoto ta WhatsApp. Bangon langa-langa ne, an shafa masa ƙatuwar alamar X da jan fenti, fentin ma ya zirara har ƙasa. A gefe an rubuta kwana 21. Ban buƙaci bayani ba. Duk wanda yake Kano a watan Yunin 2023, ya ga abin da katafila ta yi wa shagunan Filin Idi, ya san me jan fenti yake nufi.

Washegari muka zauna da yayyena. Aka yanke cewa ni zan je, tunda makarantar da nake koyarwa ba ta dawo daga hutu ba. Aikina ɗaya ne: in tattaro Gwaggo da komatsanta in kawo ta gida. Akwai ɗakin marigayiya mahaifiyarmu a rufe, har an share shi.

Litinin da sassafe na isa tashar Unguwa Uku. Kuɗin mota Naira 8,000, a wata Sharon da aka cusa mu kamar buhunan gero, muka yi kusan awa guda muna jiran fasinja biyu. Hanya ta gyaru sosai in aka kwatanta da shekarun baya. Tsakanin Kura da Zariya na ƙirga shingen bincike biyar, a uku daga ciki direba bai ma tsaya cak ba, hannu kawai yake miƙawa ta taga a dunƙule ya dawo da shi a buɗe. A Tashar Yari na sayi rake na 500 da mazarƙwaila ta 1,000, don na san Gwaggo tana son ta a koko. Daga Kwangila zuwa Jaji barci na yi. Hayaniyar tankoki a Maraban Jos ce ta tashe ni, kafin azahar muna Kawo.

Rabona da Kaduna tun 2017, kuma wallahi ban gane Kawo ba. Gadar sama ta faɗaɗa, tituna sun zama tagwaye, ga fitilu a jere. Tun da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta ƙaddamar da shirin sabunta birni a 2019 fuskar garin ta sauya, kuma duk mai adalci zai ce an yi aiki. Na faɗa wa mai Keken da ya ɗauke ni haka. A Kaduna Keke suke cewa, in ka ce adaidaita sun san daga Kano ka fito. Ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne, sannan ya riƙa nuna mini da haɓa: nan da shaguna ne, can da gidan wani abokinsa ne. Shi kansa ɗinki yake yi a Kasuwar Barci kafin a rushe ta a 2020 don a sake ginawa. Da aka gama ginin, kuɗin shago ya fi ƙarfinsa, ya sayar da keken ɗinki ya karɓi Keken haya. Bai faɗa da ɗaci ba. Kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi jiya ya faɗa, abin da ya fi taɓa ni ke nan.

Daga Kawo zuwa Bakin Ruwa 600, daga can zuwa cikin Rigasa 400. Inda kwalta ta ƙare jikan Gwaggo yake jirana. Ya karɓi jakata muka shiga taɓo da ƙafa, tafiyar kusan minti 25. Ba zan faɗi sunan unguwar ba, domin maganarsu ba ta ƙare ba.

Na san awon igiya, a Kano ma cikinsa na girma. Amma wannan ya wuce awon igiya. Gida ɗaya cikin uku ne yake da bulo, sauran langa-langa ne da katako da buhunan siminti da aka ɗinke aka yi danga. A kan kowane rufi akwai tsoffin tayoyi da duwatsu don kada iska ta yaye kwano. Babu kwata, ruwan wanka da na sama hanya ɗaya suke bi da mutane. Kuma kusan kowace ƙofa da jan fentinta, har bangon makarantar allo.

Na tarar da Gwaggo a tsugune tana gyaran waken ƙosai. Ta ɗago ta ce, "Babana, kai ne da rana tsaka haka?" Sunan mahaifinta gare ni, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ba ni ruwa a kofin silba, ta zubo tuwon masara miyar kuka da man shanu kaɗan da na san ajiyar baƙo ne. Sai da na ci na ƙoshi na isar da saƙon yayyena.

Ba ta amsa ba. Ta shiga ɗaki ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashin gado, irin ta jeren amare ta da, fentinta duk ya ɓare. A ciki akwai leda, a cikin ledar wata ledar, sannan takarda guda da aka yago daga littafin makaranta, ta yi ja don tsufa, an liƙe maninkarta da salatif. Rubutun biro ne da Hausa: wane ya sayar wa wane fili, ƙafa 40 da 40, a kan Naira 45,000, shekarar 2003. Shaidu uku, biyu sun dangwala yatsa, ga hatimin mai unguwa. Ta ɗora mini a tafin hannu da hannayenta biyu, kamar mai miƙa jariri.

Tarihin takardar na sani, amma ban taɓa haɗa shi wuri ɗaya ba sai ranar. Aure ne ya kawo Gwaggo Kaduna lokacin da Kakuri take Kakuri. Tun 1957 da aka buɗe masaƙar farko a zamanin Sardauna, dubban mutane daga ko'ina a Arewa suke cin abinci a wurin, mijinta yana cikinsu. Rikicin shekarar 2000 ya kore su daga kudancin kogi da kayan jikinsu kawai, kamar yadda ya kori wasu daga arewacin kogin zuwa kudu. Ba a daɗe ba masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mijinta ya rasu yana jiran kuɗin sallama. Filin nan da ɗan kunnenta na zinariya da tumaki biyu aka saye shi.

Ta ce, "Babana, sau ɗaya aka kore ni na gudu, don wuta ce a bayana. Wannan karon takarda ce. In tafi Kano in zauna a ɗakin uwarka, marayun nan huɗu fa? Masu sayen ƙosaina fa? Ban ce ba za a yi hanya ba. Ni dai a zo a zauna da ni a gaya mini ina zan koma. Ko akuya za ka sauya wa turke, ai sai ka kafa sabon kafin ka tuge tsohon."

Na rasa abin cewa. Na ce mata sai da safe.

A shagon jikanta na kwana, kan tabarma, tsakanin buhun gawayi da injin markaɗe. Wajen ƙarfe biyu ruwa ya sauko. Wanda bai taɓa kwana ƙarƙashin kwano marar silin ba ba zai gane ƙarar ba, ko kiran sunanka aka yi ba za ka ji ba. Yaron ya tashi cikin duhu, ko fitila bai kunna ba, ya jera bokiti biyu da roba ɗaya daidai inda ruwa yake ɗiga, ya koma ya kwanta. Ni ban sake runtsawa ba, ga sauro ga tunani. Da asuba na sha koko da ƙosan Gwaggo, na ga layin yara da kwanuka tun gari bai waye ba.

Ranar Talata na zaga unguwar. A rediyo irin waɗannan mutane 'yan kama-wuri-zauna ake ce musu, kuma ni ma da bakina na sha faɗar kalmar. Ga waɗanda na gani: 'yan garuwa, leburorin gini, masu gadi a gidajen Unguwar Rimi da Malali, mata masu wankau, 'yan gwangwan. Akwai waɗanda rikicin 2000 ya watso, akwai sababbin zuwa daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa da 'yan bindiga suka tasa. Akwai gidaje kaɗan na Gbagyi, waɗanda kakanninsu suke noma wannan ƙasa tun kafin Lugga ya dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Su ma an shafa musu jan fenti. Ba zan ɓoye ba, wasu gidajen a bakin rafi suke, inda bai kamata ɗan Adam ya kwana da yara ba, kuma na ji labarin dillalan da suka sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Amma dillalan ba sa unguwar. Wanda aka cuta shi ne a ciki, shi kuma za a sake cuta.

Bayan la'asar aka yi taro a filin makarantar allo, maza a gaba, mata a bayan danga amma muryarsu tana fitowa. Matasa suka ce a tare babban titi a ƙona taya. Wasu dattawa suka ce a haɗa kuɗi a je gidan wani ɗan siyasa da suka yi wa ruwan ƙuri'u. Da wani ya ambaci kalmar zanga-zanga sai wurin ya yi tsit. Ba su manta watan Agustan 2024 ba, lokacin da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, kuma kowa ya ga hotunan yaran da suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja a watan Nuwamba na shekarar, bayan wata uku a tsare. Wata mata ta ɗaga murya daga bayan danga ta ce ita ɗa ɗaya gare ta.

Sai wani dattijo mai furfura, tela ne, ya nemi izinin mai unguwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar." Ashe shekara 11 ya yi yana ɗinki a birnin Durban na Afirka ta Kudu kafin ya dawo gida. Ya ce a can ya ga mutanen da ɗakunansu ba su fi namu ba, wasu ma namu sun fi, amma in suka fito da jajayen rigunansu gari yana sanin sun fito. Minti biyar ɗin ta zama kusan awa, ba wanda ya motsa.

Abahlali baseMjondolo ake kiran ƙungiyar waɗannan mutane, da harshen Zulu, wato mazauna bukkokin langa-langa. Da na dawo gida na bi diddigin labarin, na tarar dattijon bai ƙara gishiri ba. A watan Maris na 2005 mutanen wata unguwar langa-langa da ake kira Kennedy Road suka wayi gari suka ga ana aiki a filin da aka daɗe ana yi musu alkawarin gidaje, ashe an ba ɗan kasuwa. Suka tare titin Umgeni, aka kama mutum 14. Daga wannan rana ƙungiyar ta samo asali, shugabanta S'bu Zikode kuwa mai zuba mai ne a gidan mai a lokacin. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2006 suka ce ba fili, ba gida, ba ƙuri'a. Da lardin KwaZulu-Natal, inda Durban take, ya yi dokar kawar da unguwannin talakawa a 2007, suka kai ƙara har Kotun Tsarin Mulki, kuma a watan Oktoba na 2009 kotun ta soke sashen dokar da ya ba da damar tilasta korar mutane. Talakawa masu kwana a ƙarƙashin leda suka kayar da gwamnatin lardi a kotu mafi girma.

Dattijon bai ɓoye farashin ba, kuma nan ne na ƙara ganin girmansa. Makonni kaɗan kafin hukuncin, a watan Satumba na 2009, wasu ɗauke da makamai suka afka wa Kennedy Road da dare, shugabannin ƙungiyar suka tsere, aka rushe ɗakunansu, sannan 'yan ƙungiyar 12 aka gurfanar, sai a 2011 kotu ta wanke su. A 2014 aka harbe Thuli Ndlovu a gidanta, bayan shekara biyu kotu ta yanke wa kansiloli biyu na jam'iyyar ANC ɗaurin rai da rai a kan kisan. A 2022 kaɗai an kashe shugabanni uku na unguwar eKhenana, inda mazauna suka yi lambu da kiwon kaji da shago na haɗin gwiwa: Ayanda Ngila, Nokuthula Mabaso da Lindokuhle Mnguni. Wannan duk a ƙasar da aka yi yaƙi da wariyar launin fata, a hannun jam'iyyar da ta yi yaƙin.

Ya ce abu uku ya gani a wurinsu. Suna da rajista, sun san kowane ɗaki da mutanen cikinsa. Shugabanninsu a cikinsu suke kwana, kuma a bainar jama'a ake zaɓensu. Sannan ba sa yarda wani ya je ya yi magana a madadinsu, ko ɗan siyasa ko mai ƙungiyar agaji, kullum cewa suke a yi magana da su, a daina magana a kansu. Ya juya ga dattawan ya ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda za ku je gidansa ya taɓa jera bokiti da dare?" Ya juya ga matasa ya ce taya ɗaya in ta kama wuta, gobe ba wanda zai yi maganar gidajenku, maganar tayar za a yi.

Akwai wata matashiyar lauya, 'yar Tudun Wada, da take taimaka musu kyauta. Ita ta sauko da mu ƙasa. Ta ce kada a ɗauka Durban ce nan. Tsarin mulkin Afirka ta Kudu na 1996, a sashe na 26, ya ce kowa yana da haƙƙin samun muhalli, kuma ba a korar mutum ko a rushe gidansa sai da umarnin kotu. Namu na 1999 ya ambaci muhalli a sashe na 16, amma a babi na biyu, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, yana iya karɓe ta don amfanin jama'a, diyya kuwa ta gini da shuka ce, ba ta ƙasar ba. Na tuna takardar cikin kwalla, gabana ya faɗi.

Amma ta ce ba a rufe ƙofa duka ba. A Legas, inda aka share Maroko a 1990 aka watsa mutum wajen 300,000, a can ne kuma mutanen Otodo Gbame, su wajen 30,000 da aka kora tsakanin 2016 da 2017, suka samu hukuncin babbar kotun jiha a watan Yunin 2017 cewa korar mutane ba tare da sanarwa ta ƙwarai da wurin komawa ba ta saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Game da fita kuwa, sashe na 40 ya ba kowa damar taruwa cikin lumana, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taro ko jerin gwano. Shari'ar ma daga garinmu ta taso, daga taron ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a watan Satumba na 2003. Ina sakandare a lokacin, na tuna ranar, amma ban taɓa sanin ta haifar da hukuncin da zai amfani Gwaggo ba.

Aka watse a kan za a yi rajista, a rubuta takarda, a kai ta da ƙafa ranar Alhamis. Da aka nemi mai rubutu mai kyau, Gwaggo ta ce daga bayan danga, "Ga Babana nan, malamin makaranta ne."

Laraba tun safe har magariba ina bin ƙofa ƙofa da littafi mai bangon kwali na Naira 1,500, yara biyu suna yi mini jagora. Sunan mai gida, mutum nawa, shekarar zuwa, daga ina, akwai takarda ko babu. Wata tsohuwa ta ƙi ba ni suna sai da na rantse ba daga hukuma nake ba. Wani magidanci daga Birnin Gwari da na tambaye shi mutum nawa, ya ce tara, ya yi shiru, ya ce in rubuta bakwai. Ban tambaye shi sauran biyun ba. Hoton takardu a wani shago a Rigasa ya ci 6,200, aka haɗa da ɗari bibbiyu.

Alhamis da hantsi muka fita. Mata a gaba da kwalaye da aka yanka daga katan ɗin taliya, dattawa a tsakiya, matasa a baya, telan nan yana kai da komo yana hana kowa ɗaukar ko da tsinke. Gwaggo ta sa mayafinta na zuwa biki. Ba mu yi nisa a kan kwalta ba motar jami'an tsaro ta gitta mana. Babbansu ya tambayi wa ya ba mu izini. Lauyar ta matsa ta ce, "Yallaɓai, takarda za mu kai, ga kwafin sanarwar da muka aiko muku jiya." Aka yi ta ja-in-ja kusan awa guda cikin rana. Na ga wani ƙaramin jami'i yana juya gwangwanin barkonon tsohuwa a hannu, ƙafafuna suna rawa, ba zan yi ƙarya ba. Sai matan suka zauna a gefen titi, ba wanda ya umarce su, ɗaya ta zauna sauran suka bi. Daga ƙarshe aka yarda mutum biyar su wuce: mai unguwa, lauyar, telan, wani dattijon Gbagyi da Gwaggo. An tafi da matasa biyu da aka ce sun ɗauki hoto, sai bayan isha aka sako su.

Sun dawo wajen la'asar. Babu wanda ya yi musu alkawarin komai, babban ma ba su gan shi ba. Abin da suka samo shi ne kwafin takardarsu da hatimin ofis da kwanan wata, shaidar an karɓa. Lauyar ta ce da wannan da rajistar za ta nemi kotu ta dakatar da rusau har a saurare su. Na ga Gwaggo ta nemi a yi mata hoton kwafin, ta ninke shi ta sa a leda tare da takardar 2003.

Juma'a da safe na yi sallama. Ban sake tayar da maganar Kano ba, ita ma ba ta tayar ba. Ta ƙulle mini ƙosai a takarda da daddawa ta kai wa matata, na bar mata abin da ya rage a aljihuna ban da kuɗin mota. A Kawo mota ta zama 9,000, wai saboda Juma'a. Na isa gida bayan la'asar, yayana yana zaune a ƙofar gida, ya leƙa bayana ya ce, "Ina Gwaggon?" Na zauna na ba shi labari tun daga kwalla. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambayi nawa ake buƙata na zirga-zirgar kotu.

Kwana 21 ɗin sun wuce, katafila ba ta zo ba, jan fentin kuma yana nan a bango. Jikanta ya kira ni shekaranjiya ya ce an samu gidaje 14 da na tsallake a can ƙasan rafi, suna so a shigar da su. Littafin yana wurin telan. Na ce su ajiye mini shafi, zan shigo ranar Asabar.